Ƙarfen Gugan Gidanmu

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Gumel, shekarar da man fetur ya yi wuya har babanmu ya jingine babur yana zuwa sakatariya a ƙafa, na yi maganar da ta raba ni da Yaya. Abin da yake ba mutanen gidanmu mamaki har yanzu shi ne wai ni ce na yi ta. Ni da idan baƙo ya gaishe ni sai in sunkuyar da kai in amsa wa ƙasa. Akwai malamin da ya yi zango guda yana zaton ba na ji sosai.

Yaya ta girme ni da shekara biyu. Tun tana ƙarama aka kawo ta gidanmu daga wani ƙauye kusa da Gagarawa Tasha don ta yi boko, tunda babu makaranta a wajensu. Katifa ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci, kayan sallarmu daga turmi ɗaya ake yanka su. Ita ke daka, ita ke jan ruwa a rijiya, ita ke kankare tukunyar tuwo. Ni kuwa shara da aike. Na ɗauka haka ake yi wa duk wanda ya fi girma. A makaranta ta fi ni nesa ba kusa ba, kuma tun lokacin ta ce ita mai haɗa magani za ta zama. Duk kwalin maganin da aka yar a gidan sai ta ɗauka ta karanta takardar da ke ciki.

Kakarta muke kira Gwaggo. Duk shekara bayan an yi girbi takan zo da damin gero ɗaya ta ajiye a ƙofar ɗakin Kaka, mahaifiyar babanmu. Ina lura da ita, don ni ba ni da aikin da ya wuce kallo. Tun daga zaure take cire takalmi, ba a ƙofar ɗaki ba kamar sauran baƙi. Ba ta hawa tabarmar Kaka, a gefe take zama a kan rairayi. Idan an yi layya kai da ƙafar ragon nata ne, ana aika mata a buhu. Amma kuma duk garin babu mai yi wa Kaka magana irin tata.

“Tsohuwa, kina nan? Ni na zo ne da shirin cin gumbar sadakarki.”

“Ke za ki riga ni, mai wuyan zalɓe. Gero kika kawo min ko buntu?”

“Da wane haƙorin za ki ci geron?”

Sai su yi ta dariya har Kaka ta ƙware. Ban taɓa tambayar ta ina muka haɗa dangi ba. Gwaggo ce, shi ke nan.

Wata rana babanmu ya dawo da takarda mai tambarin jami’a. Ya zauna a tsakar gida ya karanta wa Kaka da Inna yana fassarawa. Ina shara a gefe. Amfanin rashin magana ke nan, mutane suna mantawa kina wurin. Abin da na fahimta shi ne, tun kafin a haife mu kakanmu ya ba jami’a wani fili kusa da Tasha suka yi gonar gwajin iri. Akwai mutane a filin, aka tashe su, ba a ba su komai ba. Yanzu wasu malaman jami’ar sun tono wasiƙar da kakanmu ya rubuta, inda ya ce mutanen da ke filin nasa ne, shi zai san inda zai kai su. Jami’a ta ce ba ta kyauta ba da ta karɓa a haka. Za ta kafa allo a bakin gonar da sunayen gidajen da aka tasa, kuma duk ɗansu ko jikansu da ya ci jarrabawa za ta ɗauke shi karatu kyauta. Za a turo malama ta nemo su.

Akwai kalma ɗaya da ban sani ba: rinji. Da babanmu ya zo kanta sai ya rage murya, ya waiga ɗakin girki inda Yaya take.

“Wa ya aike su?” in ji shi. “Abin da kowa ya rufe, ana zaune lafiya.”

Kaka ta ce, “Masu boko ba su da aikin yi. Ninke ta ka ajiye.”

Ni kuwa abu ɗaya na riƙe, karatu kyauta a jami’a. Kuma na tuna wani abu. Shekarar da ta wuce na raka Yaya hutu ƙauyensu, Gwaggo ta zo taryar mu a Tasha. Muna tafe a bakin wayar da ta kewaye gonar, sai ta tsaya ta nuna wata tsamiya can ciki da baki, ta ce, “Kun ga waccan? A gindinta aka binne cibiyata.” Ta gyara kayanta muka wuce. Na yi kwana biyu ina mamakin yadda manya duk suka manta da wannan. Na yi niyyar gaya wa Yaya, sai na ce a’a, bari in bari ya zo mata ba zato.

Malamar ta zo ranar Alhamis bayan an tashi daga makaranta, manyan motocin shanu na kasuwar Maigatari suna ta wucewa a titi har bangon zaurenmu yana rawa. Doguwa ce, baƙa, da tabarau. Ta yafa mayafi amma kana gani ka san ba ta saba ba, sai zamewa yake, kuma duk sanda ya zame ina hango ɗan gicciye a sarƙar wuyanta. Hausarta ta mutanen can wajen duwatsun kudu ce. Babanmu ya karɓe ta a zaure. Daga bayan ƙofa na ji yana cewa mutanen duk sun watse, wasu sun yi Damagaram, wasu Allah ya yi musu rasuwa, shi kuwa lokacin yana yaro. Ta rubuta, ta yi godiya, sannan ta ce za ta shiga ta gaida Mama.

Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Kaka. Kaka ta amsa a gajarce ta ce in kawo wa baƙuwa ruwa. Randa ta yi ƙasa, Yaya kuma tana daka, don haka na nufi rijiya. Malamar ta biyo ni, wai tana son wanke fuska.

Gugan gidanmu na robar taya ne, kuma a gefen bakinsa an ɗaura wani ƙarfe don ya riƙa kifewa ya nutse. Zobe ne mai kauri, buɗaɗɗe ta gefe ɗaya, da ƴan zobba uku na sarƙa a jikinsa. Tun da na yi wayo yake nan. Muna yara mun sha zura ƙafa a ciki muna wasa. Da na jawo gugan sai na ga malamar ba ruwan take kallo ba. Ta kama ƙarfen ta juya shi, ta sa babban yatsa tana shafa cikinsa inda ya yi sumul.

“Mama, wannan na mene ne?”

“Na jaki ne,” in ji Kaka daga inda take zaune.

Malamar ta sake shi a hankali. Sannan ta dube ni ta yi murmushi, ta tambayi ajina, ta ce ko na taɓa zuwa Tasha. Na ɗaga kai. Ta ce ko na taɓa jin wani ya ce danginsa sun zauna a inda gonar take.

Murna ta kama ni. Na buɗe baki da ƙarfi, yadda ban taɓa yi a gaban baƙo ba.

“Gwaggo! Kakar Yaya. A gindin tsamiyar gonar aka binne cibiyarta. Ga Yaya can, ita ce ta ɗaya a ajinsu.”

Taɓaryar ta tsaya. Inna, da ke tsince shinkafa, ta bar hannunta a cikin faranti. Na dubi Yaya ina jiran ta yi dariya. Ta jingine taɓaryar a jikin bango, ta karkaɗe zaninta, ta shige ɗaki.

Babu wanda ya doke ni. Da an doke ni da na fi samun sauƙi, don mai duka yakan faɗi laifin. Babanmu ya raka malamar mota ya dawo ya wuce ni kamar turmi. Na tambayi Inna me na yi, ta ce, “Ke da ba kya magana, ashe tarawa kike.” Na ce mene ne rinji, ta ce in tafi in kwashe shanya.

Washegari a hanyar makaranta Yaya ta yi gaba, ina binta da gudu-gudu. Sai wajen injin niƙa ta tsaya.

“Kin san abin da kika faɗa jiya?”

“Yaya, karatu ne fa kyauta. Ke kika ce kina son haɗa magani.”

“Rinji ƙauyen bayi ne. Kin ji? Bayin gidanku. Uwar Gwaggo kakan babanku ne ya sayo ta.”

Na ce, “Ai babu bayi yanzu.”

“To, babu. Sai ki je ki gaya wa ƴan ajinmu babu, ranar da suka ga sunan gidanmu a allo.”

“Amma ke yayata ce.”

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ba fushi na gani a idonta ba, kamar gajiya. Ta ce, “Wa ke jan ruwa a gidan? Kuma ƙarfen nan ba na jaki ba ne. Jaki da igiya ake dabaibaye shi.”

“Tun yaushe kika sani?”

“Tun ranar da aka kawo ni. Kowa ya sani. Ke kaɗai ce kike kallon komai ba kya ganin komai.”

Ranar ban ji ko kalma ɗaya daga abin da aka koyar ba. Na zauna ina jera abubuwa a raina: takalmin Gwaggo a zaure, kan rago a buhu, rairayin gefen tabarma. Duk na gan su, har na iya faɗin launin takalmin. Sai kuma in tuna lokacin da Yaya ta yi ƙyanda, Kaka ta hana kowa taɓa ta, ita ke mata wanka da hannunta tana kuka. In tuna turmin atamfa ɗaya. Na rasa wanne zan ɗora a kan wanne. Kuma idan kowa ya sani, me na tona? Idan kuma abin kunya ne, kunyar ta wace ce, tamu ko tasu? Me ya sa Yaya ce ta shige ɗaki ba ni ba?

A ƙarshen makon Yaya ta ce wa Inna idan aka yi hutu za ta tafi gida, kuma ba ta jin za ta dawo. Inna ta ce, “Gida? Nan ɗin ina ne?” Saura mako uku a yi hutun.

Kafin nan malamar ta dawo da akori-kurar jami’a, ta ce za ta je ta ga Gwaggo. Babanmu ya ce ba za a je wa tsohuwa da baƙi babu ɗan gida ba, don haka zai bi. Yaya ta ce ita ma. Ni ban san wa ya ce in hau ba, na dai tsinci kaina a baya kusa da tayar ko-ta-kwana, Yaya tana kallon gonaki.

Mun tarar da Gwaggo tana sussukar gero a bakin rumbu. Labari ya riga mu, don ƴaƴanta maza biyu suna zaune a kan kututture, ɗaya baban Yaya, ɗaya ƙanensa. Aka shimfiɗa wa babanmu tabarma. Malamar ta ajiye rikoda a kan turmi ta yi bayani tun daga farko. Ta ce jami’a ta ci amfanin ƙasar da aka raba su da ita, kuma ta zo ba su haƙuri.

“Jami’a mace ce ko namiji?” in ji Gwaggo.

Malamar ta yi dariya. “Mama, makaranta ce.”

“To ban san ta ba, ba ta san ni ba. Wanda ya tashe mu na san shi, ni na ɗebo ruwan wankan gawarsa. Tsakanina da shi sai gaban Allah. Ke kuwa ƴar nan, me kika yi min da za ki ba ni haƙuri?”

Malamar ta cire tabarau ta goge. Ta ce ita ma kakarta ta ba ta labarin ƙanwarta da mahaya suka ɗauke a bakin rafi aka yi arewa da ita, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ta ce duk tsohuwar da ta gani a ƙasar nan sai ta duba fuskarta.

Gwaggo ta matso ta leƙa fuskar malamar sosai. “A’a, ba mu yi kama ba. Hancinki ya yi faɗi.”

Kowa ya yi dariya har da babanmu. Sai aka zo maganar allo, dariya ta ɗauke. Ƙanen baban Yaya ya miƙe tsaye. Ya ce shi ɗansa yana neman aure a Sule Tankarkar, an kusa sa rana, kuma babu wanda ya tambaye su asali. A kafa allo a bakin titi kowane direba ya karanta? Baban Yaya ya ce to ai karatun fa, yarinya tana da kai. Ƙanen ya ce karatun mutum ɗaya za a saya da sunan gida duka? Malamar ta ce allon ana iya barin sa, amma takardar shiga dole a rubuta cewa ɗalibi jikan mutanen rinjin ne, dagaci ya sa hannu, in ba haka ba kowa zai zo ya ce shi ne.

Babanmu ya yi gyaran murya ya ce shi zai iya ɗaukar nauyin karatun, ba sai an rubuta komai ba.

Yaya ce ta amsa, ita da ba ta taɓa ɗaga ido a gabansa ba. Ta ce, “Baba, na gode. Amma in ka ɗauka, ni ma sai in riƙa kawo dami.”

Gwaggo ta ɗauki zangarniya ta jefe ta da ita.

“Ke, marar kunya! Wa ya ce miki don an mallake ni nake kai dami? Ni da tsohuwar can nono ɗaya muka sha. Uwarta ba ta da ruwan nono, uwata ta shayar da mu tare, ita dama ni hagu. Ƴar’uwata ce, ki tambayi kowane malami. Don me kike zaton ba a taɓa aure tsakanin ƴaƴanmu ba?”

Na ji wani sanyi ya ratsa ni. Ashe yayata ce da gaske. Na juya zan kama hannunta.

Yaya ta ce, “An tambayi uwar taki kafin a miƙa mata jaririyar?”

Gwaggo ta koma kan geronta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Ban sani ba, ina jaririya.” Sannan ta ce wa malamar a bar allo, ba ta so. Idan jami’ar tana son yi mata wani abu, a buɗe mata ƙofa a wayar nan ta riƙa shiga, don uwarta tana kwance gabas da tsamiyar kuma ta ji an ce tarakta tana bi ta kai. Takarda kuwa, mai karatu ita ta san abin da za ta iya ɗauka.

Malamar ta miƙa takardar. Yaya ta karɓa ta ninke ta huɗu. Ƙanen babanta ya tofar da yawu ya fita. A hanyar dawowa na yi ta ƙoƙarin gane wa ya yi nasara, ban gane ba.

Da aka yi hutu Yaya ta haɗa akwatinta. Malamar ta samo mata gurbi a makarantar kwana a wani gari, daga can in ta ci jarrabawa sai jami’a. Yaya ta cika takardar, dagaci ya sa hannu. Auren Sule Tankarkar an ɗaga shi, aka ce sai bayan damina, daga baya aka daina maganarsa. Ina zaune a bakin katifa tana ninke kaya. Ta ware zanin sallarmu na bara ta riƙe shi, sannan ta sa a akwati.

Na ce, “Yaya, ki yafe min.”

“Me zan yafe?”

“Ban sani ba.”

“Ni ma ban sani ba. Ko alheri kika yi min ko asirina kika tona, har yanzu ban gane ba. In na gane zan gaya miki.”

“Za ki riƙa zuwa hutu?”

“Tasha zan riƙa yin hutu.” Ta rufe akwatin ta danna da gwiwa. “Ki daina sunkuyar da kai in ana miki magana. Kuma in za ki ja ruwa ki ware ƙafa, kar ki faɗa.”

Kaka ba ta fito rakiya ba. Ta aiko ni da ƙullin kuɗi da kwalbar man shanu, ta ce in ce wa Yaya Allah ya tsare. Da na dawo na tarar ta juya fuska bango.

Bayan girbi Gwaggo ta zo da daminta kamar kullum. Ta cire takalmi a zaure, ta zauna a rairayi, ta tambayi Kaka ko har yanzu mutuwa ba ta gano gidan ba. An buɗe mata ƙofa a wayar, in ji ta, amma mai gadi sai ya ga dama. Babu wadda ta ambaci Yaya a cikinsu sai da Gwaggo za ta tafi, Kaka ta ce, “Tana cin abinci kuwa a can?” Gwaggo ta ce, “Ta rame.”

Yaya ta gama, tana haɗa magani yanzu. Muna haɗuwa a biki da suna, ina ce mata Yaya tana amsawa, ƴaƴana suna zuwa wurinta. Ba ta sake kwana a gidanmu ba, kuma ba ta gaya min abin da ta ce za ta gaya min ba. Ni ma ban sake tambaya ba.

Ƙarfen kuwa, malamar ta aiko a ba ta shi za a ajiye a jami’a inda mutane za su gani. Kaka ta ce, “Da me gugan zai nutse?” Haka ya zauna. Tunda Yaya ta tafi jan ruwa ya dawo kaina. Ranar farko na kwance shi na ɗaura dutse, dutsen ya sulluɓe ya faɗa rijiya, gugan ya yi ta yawo a saman ruwa. Inna tana jiran ruwan girki. Na mayar da ƙarfen, na ware ƙafa, na ja.